Kafin wasan Gabon: In Osimhen ba ya fili, wa zai ci wa Super Eagles ƙwallo?

Duk wanda ya kalli wasan Najeriya da Jamhuriyar Benin a gidan kallo ranar Talata 14 ga Oktoba, 2025, ya san abin da ya faru lokacin da Frank Onyeka ya narka ƙwallo ta huɗu ana gab da tashi. A Birnin Kebbi, daga Badariya har Makerar Gandu, benci ya sha wahala. 'Yan kabu-kabu suka cika titi da hon, sitatus ɗin WhatsApp ya koma kore da fari. Waɗanda suka yi rantsuwa a watan Satumba cewa sun daina kallon Super Eagles har abada, su ne a sahun gaba wajen ihu. Mu da jiharmu ke da iyaka da Benin, daɗin ya fi na kowa, domin tun da suka doke mu a 2024 muke shan tsiya wajen abokan kasuwanci na tsallaken iyaka.

A wani gidan kallo a Argungu, ana cikin tsalle, wani dattijo da ke zaune kusa da ƙofa ya dubi samari ya ce: "Ku bari tsalle, ɗiyana. Mutum guda na ya ci ukku. Ran da ba shi nan, wa za shi ci muna?" Wani saurayi ya ce masa, "Baba, don Allah bari mu ji daɗin yau tukuna." Aka yi dariya, aka watse.

To, an ji daɗin ranar, ya kuma wuce. Tambayar Baba kuwa tana nan daram, kuma ita ce dalilin sharhinmu na wannan mako. Ra'ayinmu shi ne ci 4 da nema da aka yi wa Benin bai warkar da ciwon da ke damun gaban Super Eagles ba, ya dai lulluɓe shi ne. Ƙungiyar da ke da taurarin 'yan gaba fiye da kusan kowace ƙasa a Afirka ta koma tana numfashi da hancin mutum ɗaya. In ba a gyara wannan ba kafin a shiga fili a Maroko, muna iya sake kallon Gasar Kofin Duniya a matsayin 'yan kallo kawai.

Abin da ke gabanmu

Ga wanda bai bi lissafin ba, ga yadda abin yake. Afirka ta Kudu ce ta cinye rukunin C da maki 18, ita ta samu tikitin kai tsaye zuwa gasar 2026 da za a yi a Amurka da Kanada da Meziko. Najeriya ta zo ta biyu da maki 17. Wannan ya sa muka shiga wasan cike gurbi na ƙasashe huɗu da suka fi ƙoƙari a cikin waɗanda suka zo na biyu: Najeriya, Gabon, Kamaru da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo.

Ranar Alhamis 13 ga Nuwamba, 2025, za mu kara da Gabon a Rabat. In mun wuce, ranar Lahadi 16 ga wata mu haɗu da wanda ya yi nasara tsakanin Kamaru da Kongo. Babu gida da waje, wasa ɗaya ne ƙwal. In an tashi kunnen doki a ƙara lokaci, in abin ya ƙi a je bugun fenareti. Kuma ko an ci waɗannan biyun ba a gama ba, sai an je wani wasan cike gurbi na nahiyoyi a watan Maris na 2026, inda ƙasashe shida za su nemi kujera biyu.

Daga 1994 da Najeriya ta fara zuwa Gasar Kofin Duniya har zuwa 2022, ba ta taɓa rasa zuwa sau biyu a jere ba. Mun rasa 2006, muka dawo 2010. Mun rasa 2022. In aka sake rasa wannan, yaron da yake ɗan shekara 11 lokacin da Ahmed Musa ya ci Iceland ƙwallo biyu a Rasha a 2018, sai ya kai shekara 23 kafin ya sake samun damar ganin ƙasarsa a gasar, shi ma in an samu zuwa ta 2030. Ga kuma masu gidajen kallo, da mai shayi da mai tsire da ke bakin ƙofa, da masu sayar da riguna a kasuwa. Sun san bambancin cinikin gasar da Najeriya ke ciki da wadda ba ta ciki.

Mu ajiye surutu, mu duba lissafi

A wasanni goma na neman gurbi, Najeriya ta ci ƙwallo 15, aka ci ta 8. In ka cire huɗun da aka ci Benin a ranar ƙarshe, saura 11 a wasa tara. A wasanni bakwai daga cikin goman, ƙwallo ɗaya tak muka iya ci. Kafin ranar 14 ga Oktoba babu wasan da muka wuce ƙwallo biyu.

Daga cikin 15 ɗin nan, Victor Osimhen shi kaɗai ya ci shida: biyu a Kigali ranar 21 ga Maris, ɗaya a ragar Zimbabuwe a Uyo bayan kwana huɗu, sai uku a ragar Benin. Sauran tara ɗin fa? Mutum tara ne suka ci su, kowa ɗaya-ɗaya. Uku 'yan baya ne: Semi Ajayi, Calvin Bassey da kyaftin na lokacin William Troost-Ekong, wanda tasa ta fenareti ce. Uku 'yan tsakiya: Fisayo Dele-Bashiru, Raphael Onyedika da Onyeka. 'Yan gaba uku ne kawai suka ga raga ban da Osimhen: Kelechi Iheanacho, Tolu Arokodare da Akor Adams. Wato a cikin shekara biyu ana bugawa, ba a samu mutum na biyu da ya ci ko da ƙwallo biyu ba.

Yanzu ga wanda ya fi tayar da hankali. Wasanni biyar aka buga babu Osimhen kwata-kwata saboda rauni: 1-1 da Lesotho a Uyo, 1-1 da Zimbabuwe, 1-1 da Afirka ta Kudu a Uyo, Benin ta doke mu 2-1 a Abidjan, sai 1-1 da Afirka ta Kudu a Bloemfontein. Nasara ko ɗaya babu, maki huɗu daga cikin 15. A wasanni biyar da aka fara da shi kuwa, nasara huɗu da canjaras ɗaya, maki 13. Don adalci, a wasan Ruwanda na ranar 6 ga Satumba ya ji ciwo ya fita tun kafin hutun rabin lokaci, kuma Arokodare ne ya ci ƙwallon da ta ba mu nasara. Amma wanda ya kalli wasan ya san da ƙyar da jiɓin goshi aka sha.

Kada kuma mu manta da yadda muka tsallako. Afirka ta Kudu an zaftare mata maki uku saboda ta sa Teboho Mokoena a wasan da bai cancanci bugawa ba, duk da haka ta fi mu. Sannan saboda Eritiriya ta janye daga rukuninta, sai aka cire sakamakon wasannin da aka yi da na ƙarshe a kowane rukuni wajen auna waɗanda suka zo na biyu. Da aka yi haka muka yi daidai da Burkina Faso a maki, ƙwallon Onyeka ta minti na ƙarshe ce ta raba gardama. Da an tashi 3-0, da yanzu Burkina Faso ce ke shirin tafiya Maroko, mu kuma muna nan muna zagin juna a Facebook.

Ba 'yan wasa muka rasa ba

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, a takarda babu abin da muka rasa. Osimhen ne gwarzon ɗan wasan Afirka na 2023, Ademola Lookman na 2024. Osimhen ya ci 26 a gasar Italiya lokacin da Napoli ta ɗauki kofi a 2023, karo na farko tun 1990, ya je Galatasaray ya sake zama wanda ya fi kowa ci a Turkiyya. Lookman shi kaɗai ya ci Bayer Leverkusen uku a wasan ƙarshe na Europa a Mayun 2024. Victor Boniface ya ɗauki kofin Jamus da Leverkusen ɗin a shekarar. Arokodare ya yi fice da ƙwallaye a Genk ta Beljiyam kafin ya koma Wolves. Ga Samuel Chukwueze, ga Moses Simon. To amma Lookman da Boniface da Chukwueze da Simon, su huɗun nan, babu wanda ya ci ko ɗaya a wasanni goman.

In 'yan wasa huɗu masu irin wannan ƙwarewa suka kasa ci a tsawon shekara biyu, bai kamata a tsaya ana cewa wane ba shi da kishi, wane ya ƙoshi da kuɗin Turai ba. Sai a duba hanyar da ƙwallo ke bi kafin ta iso gare su.

Ƙananan ƙasashe sun gane mu. In za su buga da Najeriya sai su koma baya su cushe bakin raga, su bar mana ƙwallon mu yi ta zagaye. 'Yan tsakiyarmu irin su Wilfred Ndidi da Onyeka gwanaye ne wajen ƙwace ƙwallo da gudu da ƙarfi, amma zare fas ɗin da zai tsaga mutum shida ya faɗa ƙafar ɗan gaba wani aiki ne daban. Nauyin wannan kusan duk yana wuyan Alex Iwobi. In aka tsare shi, sai kowa ya gaji, sai a koma abin da muka fi iyawa: a ɗaga doguwar ƙwallo sama, a yi fatan Osimhen zai yi tsalle ya wuce kowa. Sau da yawa yakan yi hakan, don shi irin mutumin nan ne da zai bi ƙwallon da kowa ya yafe. Ran da ba ya nan kuma, haka za a ci gaba da ɗagawa, mai tsaron baya yana nushewa da ka yana murmushi. Shi ya sa a filinmu na Uyo muka yi canjaras da Lesotho da Afirka ta Kudu da Zimbabuwe, maki shida suka zube a gida.

Sai kuma canjin koci. A waɗannan wasanni goma, mutum uku ne suka ja ragama: José Peseiro ya yi biyu, Finidi George biyu, Éric Chelle shida. Kowa da tsarinsa. Peseiro ya kai mu wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Kwaddibuwa da tsaron gida mai ƙarfi, amma ko a can ƙwallo takwas muka ci a wasa bakwai, uku daga ciki kuma Troost-Ekong ne, ɗan baya. Ashe ciwon ya daɗe, nasara ce ta hana mu jin zafinsa.

Chelle, ɗan Mali da aka ɗauka a Janairun 2025, ya cancanci yabo. Ya tarar da maki uku a wasa huɗu, ya samo 14 a wasa shida, ba a doke shi ba. Sai dai tsarin da ya fi so na 'yan gaba biyu da 'yan tsakiya huɗu a matse, yana sa 'yan gefe irin su Lookman da Simon su riƙa buga wurin da ba nasu ba. Har yanzu ba a ga wanda ya zauna daram a matsayin abokin Osimhen a gaba ba.

Mun taɓa shan wannan ɗacin

Wanda ya manta Maris na 2022 ya tuna. Wasan cike gurbi ne shi ma, da Gana. A Kumasi aka tashi babu ci ranar 25 ga wata. A Abuja ranar 29, Thomas Partey ya ci mu tun minti goma na farko, Troost-Ekong ya farke da fenareti, daga nan aka yi ta bugawa har alƙali ya hura tashi. Gana ta wuce saboda ƙwallon waje, 'yan kallo suka afka fili suka yi ɓarna.

A lura, a wasannin nan biyu Osimhen yana fili. Minti 180, ƙwallo ɗaya, ita ma ta fenareti, ɗan baya ne kuma ya buga. Wannan ya nuna mana cewa matsalar ba ta tsaya a ranar da ya ji ciwo ba. Ko yana nan lafiya lau, ƙasar da ta san abin da take yi za ta iya sa masa mutum biyu su maƙale masa, ta ce sauran su ci in sun isa. Gana ta gwada, ta kuma ci riba. Kocin Gabon ma yana da talabijin.

"Ai kowace ƙasa da gwaninta"

Mun san abin da wasu za su rubuto a ƙasan wannan sharhi: ai Ajantina ma da Messi ta dogara, Fotugal da Ronaldo, to mene ne laifi in mu ma mun dogara da namu? Magana ce mai ma'ana, kuma babu mai hankalin da zai ce a ajiye Osimhen. Mutumin da zuwa Oktoban 2025 ya ci wa ƙasarsa 29, wanda a lokacin Rashidi Yekini mai 37 ne kawai ke gabansa, ba a wasa da shi.

Amma mu duba misalan da kyau. A Qatar 2022 Ajantina ta ci ƙwallo 15, daidai da namu. Messi ya ci bakwai, amma Julián Álvarez ya ci huɗu, Di María kuma ya ci a wasan ƙarshe. Wanda ya ce zai tsare Messi shi kaɗai, Álvarez zai hukunta shi. A wasan ƙarshe na Kofin Turai na 2016, Ronaldo ya fita da rauni tun kafin a yi rabin awa, Fotugal ba ta watse ba, Éder da ya shigo daga benci ya ci Faransa a ƙarin lokaci.

Ba ma sai mun je nesa ba. A Kofin Afirka na 2013, Emmanuel Emenike ne mai ci mana, yana da huɗu. Ya ji ciwo a wasan kusa da na ƙarshe da Mali, wanda aka ci 4-1, mutum huɗu daban-daban suka ci, har da Ahmed Musa. Ranar 10 ga Fabrairu a Johannesburg aka shiga wasan ƙarshe da Burkina Faso babu Emenike. Sunday Mba, ɗan wasan gida da marigayi Stephen Keshi ya yarda da shi, shi ya ci ƙwallon da ta kawo kofi. Haka a 1994 a Tunis: Yekini ne ya fi kowa ci a gasar, amma da Zambiya ta tsare shi a wasan ƙarshe, Emmanuel Amunike ya ci biyu. A lokuta biyun nan da muka ɗauki kofi, akwai gwani, akwai kuma wanda zai karɓa in gwani ya gaji. Wannan na biyun ne muke nema yanzu ba mu gani ba.

Mutanen Argungu sun fi kowa sanin wannan. A bikin kamun kifi na 2020 kifin da ya zo na ɗaya kilo 78 ne. Sunan mutum ɗaya aka kira wajen ba da kyauta, amma duk wanda ya taɓa tsayawa bakin Matan Fada ya san irin wannan kifi ba a fito da shi daga ruwa zuwa ma'auni da hannu biyu kawai.

Gabon ba kanwar lasa ba ce

Wasu tun yanzu sun fara lissafin wasan ƙarshe da Kamaru. A yi hattara. Gabon ta tara maki 25 a rukuninta, maki ɗaya ne tsakaninta da Kwaddibuwa da ta ɗauki Kofin Afirka a 2024. Ta ci wasa takwas a cikin goma, mu huɗu muka ci. Pierre-Emerick Aubameyang, duk da shekaru sun ja, shi kaɗai ya zura wa Gambiya huɗu a watan Oktoba a wasan da aka tashi 4-3. Kuma ba shi kaɗai ba ne, ga Denis Bouanga na Los Angeles FC da ya yi ta ci musu a wasannin neman gurbin. Su suna da biyu masu ci, mu muna da ɗaya.

Wasan na Gambiya ya kuma nuna cewa bayansu na yoyo, ana iya cin su. Amma sai an kai hari ta hanyoyi da yawa. Wanda ya zo da dabara ɗaya, ya sauƙaƙa musu aiki.

Abin da muke so mu gani

Ba mu ce mun fi koci sanin aikinsa ba, amma mai kallo ma yana da ido. Na farko, a tsayar da abokin Osimhen a gaba, a bar shi ya buga wasannin biyu. Ko Akor Adams ne na Sevilla, wanda ya ci a wasansa na farko da Lesotho, ko Arokodare, a zaɓi ɗaya a ba shi amana. Ɗan gaban da ya san kuskure ɗaya zai mayar da shi benci ba ya buga ƙwallo da natsuwa.

Na biyu, a mayar da Lookman kusa da raga ta ɓangaren hagu, inda ya yi wa Atalanta aiki, a daina sa shi dawowa tsakiyar fili neman ƙwallo. A kuma riƙe abin da ya yi aiki ranar Benin: ƙwallaye biyun farko duk daga ƙafar Chukwueze suka fito, ɗaya fas ta ƙasa da wuri kafin 'yan baya su shirya, ɗaya kuros mai kyau. Gudu da saurin sakin ƙwallo ne suka buɗe Benin.

Na uku, 'yan tsakiya su riƙa shiga cikin da'irar abokan hamayya. Yadda Onyeka ya shigo a makare ya ci, haka ake so a riƙa gani tun minti na 20, ba sai wuta ta kama gemu ba.

Na huɗu, a yi atisayen bugun kwana da bugun tazara da fenareti kamar ba gobe. A irin wannan wasa na mutuwa ko rayuwa, sau da yawa a nan ake rabuwa. A san mutum biyar da za su buga tun daga otal, har da wanda zai maye gurbin wanda aka canja.

Na biyar, a yi tunanin jikin Osimhen. Wasa biyu ne a cikin kwana huɗu, kowanne yana iya kaiwa minti 120. Mutum ne da ke jefa jikinsa ko'ina, shi ya sa har yau yake sa takunkumin fuska tun karayar da ya samu a wasan Inter a 2021. Dole koci ya shirya wa mintocin da za a buga babu shi, ko da ba a fatan hakan.

Ita kuma hukumar NFF, ta tabbatar an buɗe sansani a kan lokaci, a kuma sallami kowa haƙƙinsa kafin ranar wasa. Ba mu manta 2014 a Brazil ba, lokacin da 'yan wasa suka ƙi fita atisaye kan kuɗin alawus ana saura kwanaki a kara da Faransa, aka kuma ci mu 2-0. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Namu laifin, mu masu waya a hannu

Yanzu bari mu juyo kanmu. Mu ma muna da hannu a wannan ciwo. In an ci wasa, hoton mutum ɗaya muke ɗorawa, kamar shi kaɗai ya shiga fili. In an faɗi, sai mu nemi mutum ɗaya mu yi masa rubdugu. Bayan wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Fabrairun 2024, zagin da aka yi wa Iwobi ya kai har ya goge hotunansa a Instagram, sai da Ahmed Musa da sauran abokan wasansa suka fito suna roƙon a bari. Yau kuma shi ne muke jira ya ba da fas ɗin da zai kai mu Amurka. Ɗan wasan da ya san in ya gwada fas mai haɗari ta lalace za a zagi iyayensa har asuba, me zai sa ya gwada? Sai ya mayar da ita baya ya huta. Mu ne kuma za mu dawo mu ce ba shi da dabara.

Suka daban, zagi daban. Ka ce koci ya yi kuskuren canji, ka kawo dalili, wannan sharhi ne. Ka shiga shafin mutum ka ambaci mahaifiyarsa, wannan rashin tarbiyya ne, ko da kuwa da sunan kishin ƙasa ka yi. Wani abin takaicin ma, da yawa daga masu zafin zagin nan ba ƙasa ce ta dame su ba, tikitin caca ne ya yage. Ɗan'uwa, kuɗin da ka sha rana ka samu a fadama ko a kan babur, kada ka ɗora shi a kan ƙungiyar da ta yi canjaras biyar a wasa goma.

Sannan mu dubi filayenmu. Je ka filin unguwa a Gesse ko bayan makaranta a Argungu da la'asar, ka tambayi yara lambar da suke so. Kowa tara, kowa Osimhen. Wanda ya ba da fas ba a tafa masa, wanda ya yanke mutum uku ya zubar da ƙwallo shi ake yi wa kirari. Masu shirya gasar unguwa da ta hutun makaranta suna ba da kyautar wanda ya fi ci, da wuya ka ga ta wanda ya fi bayarwa aka ci. Da haka muke renon ƙarancin da muke kuka da shi a sama. A kakar 2025/26 ta gasar NPFL babu ƙungiya ko ɗaya daga Kebbi ko Sakkwato ko Zamfara, don haka filayen unguwa da irin wasannin da ake yi a filin Haliru Abdu su ne makarantar yaranmu. Abin da aka koya musu a nan shi za su tafi da shi.

Muna da misali a gida. Zaidu Sanusi ɗan Jega ne, ɗan baya na hagu. Ranar 7 ga Mayu, 2022, a gidan Benfica, ana cikin mintocin ƙarin lokaci, ya taso daga baya da gudu ya bi harin da abokansa suka ɗauko, ya ci ƙwallon da ta ba Porto kofin gasar lig ta Fotugal. Ba lamba tara ba ne, ba kuma shi ake jira ya ci ba. Ya dai yi gudun da ya kamata a lokacin da kowa ya gaji. Irin wannan gudun muke so mu gani daga mutum goma a Rabat.

Ranar Alhamis ɗin, in Allah ya kai mu, za mu cika gidajen kallo kamar kullum, mu yi addu'ar kada a ɗauke wuta, kada janareto ya ba mu kunya. Muna fatan Osimhen ya tashi lafiya, ya ci biyu ko uku, babu wanda zai fi mu murna. Amma in kana kallo, ka sa ido a kan abu guda: in aka maƙale masa mutum biyu, wa ke shigowa wurin da suka bari? In ka ga riga kore tana shiga, to akwai alamar tafiya. In kuwa ka ga an koma ɗaga ƙwallo sama ana jiran ikon Allah, to ka tuna da tambayar Baba na Argungu.

Ku faɗa mana ra'ayinku: wa kuke ganin ya dace ya tsaya kusa da Osimhen a gaba, kuma me ya sa? A kawo hujja, a bar zagi.